Kunya da Gishiri: Lafiyar 'Yan Mata daga Zariya zuwa Romi

Unguwar Romi tana kudu da kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a ƙasar Gbagyi wadda a da take ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Galibin mazaunanta ba Hausawa ba ne, amma Hausa ce harshen kasuwa da na tasha, kuma sau da yawa da ita mara lafiya kan yi wa ma'aikacin asibiti bayanin abin da ke damunsa. To, kalmomin da saurayi ko budurwa za su nema a irin wannan hali suna da tarihi, kuma tarihin nan bai raba wa namiji da mace kaya daidai ba. Mai son ganin asalinsa sai ya nufi Zariya, domin can aka fi rubuta shi.

A shekarar 1949 zuwa 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. A zamanin da Baba ke ba da labari, yarinya kan shiga ɗakin miji tana da shekara 13 ko 14. Abin da aka fi horar da ita da shi kuwa shi ne kunya. Mai karatu ya lura, kunya a nan ba nauyin ido kaɗai ba ce, doka ce mai iyakoki sanannu. Mai cikin fari ba ta faɗin tana da ciki. In ya tsufa sai a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki. In naƙuda ta zo, abin yabo ne ta daure ba a ji muryarta ba, ungozoma kuwa aikinta ya fi yawa bayan ɗa ya faɗo, watau yanke cibiya da wanka. Sa'an nan uwar ba za ta kama sunan ɗan farin ba har abada.

Ba haka aka yi wa yaro ba. Shi wanzami kan yi masa kaciya da hunturu tare da tsararrakinsa, a yi jinyarsa a fili, a ciyar da shi, ya warke ya fito. In ya girma ya kamu da ciwon sanyi, ya san inda zai sami magani ba tare da neman iznin kowa ba. Ciwon nan kuwa likitoci sun tabbatar yana toshe hanyar ƙwan mace ya hana ta haihuwa. Amma in gida ya rasa ɗa, matar ake kira juya, ba safai ake jin an laƙaba wa miji irin wannan suna ba.

Kalmar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce gishiri. Ban da na miya, gishiri suna ne na wata cuta da ake cewa tana tsirowa a gaban mace ta toshe hanya. Abin mamaki shi ne faɗin ma'anarta. Amaryar da ta ƙi miji, gishiri ne. Wadda naƙuda ta yi wa tsawo, gishiri ne. Rashin haihuwa, da ɗaukewar haila, da ƙaiƙayi, duk akan jingina su gare shi. Maganinsa kuwa ɗaya ne: wanzami ko ungozoma su sa aska su tsaga. Ashe kalma guda ta tattara ciwon jiki da ƙin auren dole ta mai da su cuta ɗaya, har ya zama yarinyar da ta ƙi da zuciyarta jikinta za a yanka.

Sakamakon wannan ya bayyana a Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello. Wani likita, Farhang Tahzib, ya bi bayanin mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a Zariya daga 1969 zuwa 1980. Kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuwa yankan gishiri. Yadda doguwar naƙuda ke yin ɓarna shi ne, in ƙugun yarinya bai gama buɗewa ba, kan ɗa ya tokare kwana biyu ko uku, ya danne mafitsara jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa. Yawanci ɗan ma ba ya rayuwa. Margaret Murphy, wadda ta yi hira da irin waɗannan mata a asibitin, ta nuna a 1981 cewa gwargwadon daɗewar ciwon, gwargwadon yawan waɗanda mazansu suka rabu da su.

Babban bincike kuwa shi ne na Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa, waɗanda suka ƙididdige haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985. Iyaye mata fiye da 200 suka rasu, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. A nan ne aikin kunya ya haɗu da na kulle. Tsofaffin mata ke da sanin ciki, amma iznin fita da kuɗin mota suna hannun miji, wanda al'ada ta nisanta shi daga ɗakin haihuwa. Ita kuwa mai ciwon an hana ta magana. Wani abu da Harrison ya gano ya isa a faɗa wa kowane ɗalibin kwalejin horon malamai: 'yan mata ƙanana masu cikin fari da aka ba maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro sun ci gaba da ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Watau yara ne da ba su gama girma ba. Ya kuma ga matan da suka yi makaranta sun fi sauran tsira ƙwarai.

Komawa kudancin Kaduna, tarihin ya ɗauki wata hanya. Masaƙun Kakuri, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, sun jawo samari daga kudancin Zazzau da Filato da Binuwai, unguwannin kewaye suka cika. Rikicin shekarar 2000 ya ƙara raba birnin, Kiristoci da yawa suka koma kudu da kogi, masaƙun kuma suka bi juna suna rufewa, babbarsu, UNTL, ta tsaya a 2007. A irin Romi ba kulle, 'yan mata suna makaranta, aure kuma yakan jinkirta. Sai dai rabon kayan bai sake ba ƙwarai. Ana cewa yarinya ta yi cikin shege, amma harshen bai tanadi suna makamancin wannan ga wanda ya yi mata ba, kuma karatunta ne kan tsaya. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, saboda haka wadda ta matsu a ɓoye take nema, da haɗarin da ke ciki. Cutar ƙanjamau, wadda aka fara ba da labarinta a Nijeriya a 1986, ita ma ta bi wannan sawu: ƙidayar ƙasa ta 2018 ta nuna cewa tsakanin masu shekara 20 zuwa 24, mata sun ninka maza fiye da sau uku wajen ɗauke da ita.

Hukuma ta taɓa abin ta fuskar doka. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta sa shekara 18 iyakar ƙuruciya, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. Ma'aikatan lafiya su kuwa ta fuskar harshe suka ɓullo. Da suka ga magidanta na ƙyamar a ce ƙayyade iyali, sai suka koma cewa tazarar haihuwa, abin da ya dace da tsohuwar al'adar shayar da ɗa shekara biyu, maza da yawa kuwa suka karɓa. Dabara ce mai kyau, amma kunnen miji aka yi wa ita. Tazara tana tsakanin haihuwa biyu ne, saboda haka amarya 'yar shekara 15 a ƙauyen Zariya wadda ba ta yi ta fari ba, da 'yar sakandare a Romi wadda ba ta da miji, duka biyu kalmar ba ta ɗauke su ba.