Fijon Baba: Motar Da Gida Ya Kasa Rabuwa Da Ita



In ka shiga tsofaffin gidaje a Yako, Kiru ko Tudun Wada, za ka iya tarar da wata mota a gindin bishiya, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ciki. 'Yan gwangwan sun yi tayi har sun gaji, maigida ya ce a'a. Sau da yawa Peugeot 504 ce, wato Fijo. Me ya sa ake riƙe ta haka?

Bari mu koma baya. A 1968 aka fito da 504 a Faransa. A 1975, zamanin Gowon, kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. A daidai lokacin ne kuɗin mai ya shigo, ma'aikata kuma suka karɓi ƙarin albashin Udoji har da ariyas. Ga kuma rancen mota daga gwamnati. Sai ga ma'aikacin da jiya yake kan keke, yau ya shigo gari da mota fil a leda.

Kuma ta dace da ƙasarmu. Tana da tsayi daga ƙasa, tana jure gargada, babu kwamfuta a cikinta. Ko ta tsaya a dajin Falgore, bakanike da sifana ya ishe ta.

Amma fa ba ta maigida kaɗai ba ce. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ita ke ɗauko amarya. Ita ke raka alhazai filin jirgi na Kano. Yaro yakan gane ƙugin injinta tun daga nesa, ya ruga yana "Baba oyoyo!"

Sai 1986 ta zo, gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta faɗi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, aka koma 'yan Kwatano. Ka ga ke nan, a gidaje da yawa motar farko ita ce kuma sabuwar mota ta ƙarshe. Shi ya sa dattijo ke kallonta kamar shaidar cewa an taɓa yin zamanin da guminsa ya saya masa sabuwa.

Yanzu masu ita suna ta tafiya. Ranar rabon gado, kuɗi za a yi mata, ƙila ta ƙare a sikelin 'yan gwangwan. Wannan haƙƙin magada ne, ba laifi. Amma kafin ranar, in Baba na raye, zauna ka tambaye shi: nawa ya saye ta, wa ta fara ɗauka? Ɗauki muryarsa a waya, ka adana takardunta. Ƙarfe zai tafi, labarin kar ya bi shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.