Daga Gimbana zuwa Kware

Mai koyar da tarihi a Tambuwal ko Kebbe ba sai ya je nesa ba wajen neman misalin tauye 'yancin addini; labarin Malam Abdussalami ya wadatar. Da Sarkin Gobir Nafata ya hana wa'azi da naɗa rawani, Abdussalami ya ƙaura da jama'arsa zuwa Gimbana, inda rundunar Yunfa ta auka musu a 1803. Wannan na cikin musabbabin hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Amma shi malamin nan ne ya saɓa da Muhammadu Bello a Kware a 1817, har aka yaƙe shi. Wajibi ne ɗalibi ya ji labarin duka, domin ya gane cewa sha'anin mulki kan raba har almajiran malami ɗaya.