Dumi, Baƙon Kwara Daga Gabas

Duk wanda ya leƙa kasuwar kifi a Yelwan Yauri ko Wara zai ga farin dumi da baƙin dumi jere da bargi da tsage, har ya ɗauka asalinsu ɗaya ne. A wannan maƙala ina son nuna cewa bargi da tsage 'yan gida ne tun fil'azal, shi kuwa dumi baƙo ne da kakanninsa suka zo daga Asiya.

Masana sun sa dumi cikin dangin da suke kira Cyprinidae, wanda ya fi kowane dangin kifin ruwan daɗi yawa a duniya. Alamarsu ita ce ba su da haƙora a baki, a maƙogwaro suke da su. Mafi tsufan ƙasusuwansu da aka haƙo daga Asiya suka fito, kuma kifin rohu da ake kiwo a Indiya jinsinsa ɗaya da duminmu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta zumunta. A da can Afirka da Kudancin Amurka haɗe suke, kafin su rabu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Shi ya sa bargi ke da ɗan'uwa a kogin Amazon, wato ƙaton kifin nan arafaima, tsage ma yana da dangi a can. Amma babu ko ɗaya daga dangin dumi da yake ɗan asalin Kudancin Amurka. Da a ce suna Afirka kafin rabuwar, da an samu 'yan'uwansu a can. Sai kimanin shekara miliyan 20 da suka wuce, da Afirka da yankin Larabawa suka haɗu da Asiya, sannan hanya ta buɗe musu.

Daga nan suka bi ruwa zuwa yamma. A zamunnan da Sahara take da dausayi, Tafkin Cadi ya kumbura har ya riƙa malala zuwa Binuwai ta kwarin Mayo Kebbi da ke ƙasar Cadi da Kamaru. Don haka ne baƙin dumi yake a Nilu da Cadi da Kwara da Sanagal. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙo ya zauna.

Sirrin zamansa shi ne tafiya. Idan damina ta sauka, dumi kan haura ƙananan rafuka da fadamu ya zuba ƙwai. A shekarar 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya shanye tsibiran Gungawa, aka tashi mutane fiye da 40,000, wasunsu suka zauna a gaɓar Yauri da Ngaski da Shanga. Kogi mai gudu ya zama tafki, kuma hanyar kifin da ke ƙasan madatsa zuwa sama ta toshe. Abin da ya rage wa dumin tafki shi ne kogin da ke sama da tafkin da kuma rafukan da ke zuba cikinsa.

Nan haɗarin yake. A Tafkin Biktoriya akwai ɗan'uwan dumi da ake kira ningu, wanda ya ciyar da jama'a masu yawa. Cikin shekarun 1950 masunta suka riƙa shinge bakin koguna da raga lokacin da yake haurawa da ƙwai, har ya kusa ɓacewa.

Ni ina ganin darasin a fili yake ga Sarkawa da sauran masuntanmu. A bar bakin rafuka a buɗe da damina, a kuma jingine raga mai ƙananan idanu. Hanyar da ta kawo dumi daga Asiya ta daɗe da rufewa. Idan ya ƙare a Kainji, ba wanda zai sake biyo ta daga Asiya ya maye gurbinsa.