Daga Al'iksiri Zuwa Takin Zamani

Tun a ƙarni na 8 na Miladiyya, zamanin da masani Jabir ɗan Hayyan yake zaune a Kufa, ma'abota ilmin kimiyya sun yi itiƙadin cewa akwai wani sinadari, wanda suka kira al'iksiri, da in aka jefa ƙanƙaninsa cikin narkakkiyar dalma zai mai da ita zinariya. A wajen nemansa kuwa mutane da yawa sun ƙarar da dukiya da ƙuruciya, ba su dace ba. Duk da haka ina ganin ba a yi musu adalci in aka ce ɓata suka yi ɗungum, domin asalin tunaninsu, wato abu kaɗan ya sarrafa abu mai yawa, yana da hujja.

A 1811 wani masani a Rasha, Kirchhoff, ya dafa sitaci da ruwan asid, ya ga sitacin ya koma sukari, alhali asid ɗin yana nan yadda aka zuba shi. Da irin waɗannan al'amura suka yawaita, sai Berzelius, mutumin Suwidin, ya tattara su a 1835 ya raɗa musu suna katalisis, daga lafazin Yunananci mai ma'anar warwarewa, sinadarin kuma daga baya aka ce masa katalis. Ostwald na Jamus, wanda ya sami lambar Nobel a 1909, shi ya daidaita ta'arifin: katalis ba ya haifar da mustahili, mai yiwuwa kaɗai yake gaggautawa, kuma ba ya ƙarewa cikin aikin. A nan ya rabu da al'iksiri.

Fa'idar katalis mafi girma ta bayyana ne sa'ad da wani masani, Haber, ya haɗa naitirojin na iska da haidirojin ya sami ammoniya a 1909, sa'an nan wani masanin kuma, Mittasch, bayan ya jarraba dubban sinadarai, ya tabbatar cewa baƙin ƙarfe, wanda ba wanda yake ganin darajarsa, zai iya aikin katalis a wannan haɗin, har wani masanin, Bosch, ya buɗe masana'antar ammoniya a Oppau a 1913. Abin baƙin ciki, da yaƙi ya ɓarke a 1914 sai aka karkatar da ammoniyar wajen yin nakiyoyi.

Yuriyar da manomanmu suke zuba wa masara da damina, daga wannan ammoniyar ake yin ta har yau.