Dutsen Kamaru: Tarihin Wuta a Bakin Teku

Dutsen Kamaru, wanda ake kuma kira Fako, yana kudu maso yammacin ƙasar Kamaru, daf da gaɓar Tekun Atlantika. Tsayinsa ya kai mita 4,040, kuma babu dutsen da ya kai shi tsawo a duk yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da ke fuskantar wannan teku. Yana cikin jerin duwatsu masu aman wuta da suka taso daga tsibiran Sao Tome da Biyoko, suka ratsa Kamaru, har reshensu ya kai tudun Biu a Najeriya.

Narkakken dutse ne ya gina shi, hawa bisa hawa. Duk lokacin da ƙasa ta tsage, sai ya malalo kamar kunu, ya huce ya zama baƙin dutse, wani ya zo daga baya ya rufe shi. Ba ta ƙoli kaɗai yake fitowa ba. Jikin dutsen cike yake da ƙananan bakuna sama da ɗari. A gindinsa akwai kurmi mai duhu, can sama kuwa sai ciyawa da tsakuwa da sanyi. Gefensa na yamma yana tare iskar teku, shi ya sa ruwan da ake yi a ƙauyen Debundsha yakan kai milimita 10,000 a shekara.

Tokar da ya zubar ta mai da ƙasar mai albarka. Mutanen Bakweri sun daɗe suna noma a gindinsa kafin Jamusawa su ƙwace filayen su kafa manyan gonakin koko da roba. Sanyin garin Buea da ke gindin dutsen ya sa Jamusawan suka mai da hedikwatar mulkinsu can a 1901, amma girgizar ƙasa da aman wutar 1909 suka kore su zuwa Duala na ɗan lokaci.

Dutsen ya sake yin aman wuta a 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. Na 1922 ya gangara har cikin teku. Na 1999 ya cinye gonakin kwakwar manja, ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili, har sai da aka kwashe mazauna ƙauyen. Yanzu akwai na'urorin auna girgizar ƙasa kewaye da dutsen, domin garuruwan Buea da Limbe suna zaune ne a gindinsa.