Tarihin Musayar Bidiyo Hannu da Hannu a Intanet

A farkon shekarun 2000, farin jini masifa ne ga wanda ya ɗora bidiyo a intanet. Dukkan masu kallo daga kwamfuta guda suke ɗiba, wadda ake kira uwar garke. In sun yi yawa sai ta gaza, kuɗin hidimarsu kuma ya hau kan mai ita. Tsarin hannu da hannu ya zo da wata dabara: kowace kwamfuta ta zama mai karɓa kuma mai bayarwa.

Napster, wadda Shawn Fanning ya fitar a Amurka a 1999, ita ce ta fara yaɗa wannan tsari, sai dai waƙoƙi ta fi ɗauka. Jerin sunayen fayilolin yana hannun kamfanin, saboda haka kotu ta sami inda za ta kama, aka rufe ta a 2001. A wannan shekarar ce Bram Cohen ya fito da BitTorrent, wadda ta dace da nauyin bidiyo. Tana yanyanka fayil gutsure-gutsure, mai saukewa ya tattaro su daga mutane barkatai, kuma duk gutsuren da ya samu nan take yake miƙa shi ga wasu. An tsara ta yadda za a fara neman gutsuren da ya fi ƙaranci, kada ya ɓace, kuma wanda ya fi bayarwa shi ake fifitawa wajen samu. Abin ya yi kama da aikin gayya: yawan jama'a, wanda da shi ne matsalar, ya koma shi ne ƙarfin. Ma'ajiyar Internet Archive ma ta rungumi tsarin a 2012 domin raba fina-finai da littattafan da ke hannunta.

Amma gayya tana watsewa in ba mai zuwa. Sabon fim yakan sauka cikin hanzari, tsohon da mutane suka daina riƙewa kuwa sai ya tsaya a rabi, wani lokaci har abada. Ga kuma rashin sirri, domin duk mai musayar fayil ɗaya yana ganin adireshin intanet na sauran, kuma ta nan lauyoyin kamfanonin fim suka riƙa gano mutane. Babu kuma mai tantance kaya, don haka ƙwayoyin cutar kwamfuta sukan shigo da sunan fim.

Rigimar haƙƙin mallaka ce ta fi yin ƙara. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa za a iya kama kamfanin Grokster da laifi saboda ya kwaɗaitar da mutane satar fasaha. A 2009 wata kotu a Suwidin ta yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da The Pirate Bay ɗaurin shekara guda-guda, amma dandalin bai mutu ba.

Duk da haka, da wuya a ce shari'a ce ta janye jama'a. Sauƙi ne ya janye su. Gutsuren BitTorrent ba a jere suke isowa ba, sai mutum ya jira fayil ya kammala kafin ya kalla, alhali YouTube, wadda ta bayyana a 2005, dannawa ɗaya take buƙata. BBC ta gwada tsarin hannu da hannu a manhajarta ta iPlayer a 2007, ta ajiye shi a ƙarshen 2008. Da kallo ya koma wayar salula kuwa, bayarwa ta zama asara, tunda mai sayen data da kuɗinsa ba zai so ta ƙare wajen hidimar baƙi ba. Farashin wannan sauƙin shi ne kamfanoni ƙalilan suka riƙe ikon abin da zai tsaya da abin da za a goge. Wannan damuwa ce ta sa ƙungiyar Framasoft ta Faransa ta fitar da PeerTube a 2018, inda masu kallon bidiyo ɗaya a lokaci guda suke taya juna ɗaukar nauyinsa.