Damuwar Zuciya da Ciwon Jiki a Lokacin da Ciki Ya Wuce Wa'adi: Nazari a Kan Unguwar Hammadu Kafi, Gombe

A lissafin likitoci, ciki yana ɗaukar mako 40, wato kwana 280, daga ranar farko ta hailar ƙarshe. Idan ya kai mako 41 an shiga jinkiri, idan kuma ya cika mako 42 ya wuce wa'adi. Ranar da ake rubuta wa mace a katin awo kintace ce kawai, domin ƙalilan ne ke sauka a ranar.

Lissafin gida daban yake. A Hammadu Kafi, kamar sauran unguwannin Gombe, mata da yawa da watan sama suke ƙirga ciki, kuma wata tara na sama kwana 266 ne ko kusa da haka. Wadda ta fara ƙirga daga hailar ƙarshe za ta cika wata tara a mako na 38, ta shiga zullumi alhali lokaci bai yi ba. Wadda ta fara daga ranar da ta ga ɓatan wata kuwa, sai a mako na 42 za ta ce watanta ya tsaya, lokacin da haɗari ya riga ya ƙaru. Ga kuma tsohuwar fahimtar kwantaccen ciki, mai tushe a fiƙihun Malikiyya, wadda ke sa wasu iyalai su ɗauki jinkirin da sauƙi. Hoton ciki yana rage irin wannan saɓanin lissafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta nemi a yi hoton ciki kafin mako na 24, a kuma je awo aƙalla sau takwas.

Ciwon jiki a wannan lokaci sananne ne. Jijiyoyin ƙugu suna saki, kan jariri yana danne mara, baya yana riƙewa, ƙafafu su kumbura. Ƙwannafi da yawan fitsari suna hana barci, balle a zafin Maris da Afrilu. Naƙudar ƙarya takan zo ta lafa, a haɗa kayan asibiti a sake kwancewa.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne halin da zuciya ke ciki. Kullum mai cikin tana jin "Har yanzu ba ki sauka ba?" daga maƙwabta da dangin miji. Da kyakkyawar niyya ake tambayar, ana ma bin ta da "Allah ya raba lafiya", amma maimaituwarta na sa mace ta ga kamar gazawa ce daga gare ta. A cikin fari lamarin ya fi tsanani: kunya ta hana ta faɗa wa uwa ko uwar miji abin da take ji, ko da ta koma gida goyon ciki, kuma dauriya ce abin yabo. Sai tsoron kada a ce za a yi mata aiki, da tunanin kuɗinsa, da fargabar ko ɗan yana raye duk lokacin da motsi ya ragu. Rashin barci yana ƙara jin zafin ciwo, ciwo kuma yana ƙara damuwa. A wurin awo ana auna jini da nauyi, a saurari bugun zuciyar jariri, amma da wuya a tambayi uwar yadda take kwana. Wannan giɓi ne babba, ga shi kuwa tun 1987 akwai ma'aunin Edinburgh mai tambayoyi goma na gano damuwar zuciya, wanda ake amfani da shi ga masu ciki da masu jego.

Fargabar tana da dalili. Bayan mako na 41 mabiyiya na iya rage aiki, ruwan mahaifa ya ragu, jariri ya yi kashi a ciki ya shaƙa, ko ya yi girman da zai kawo doguwar naƙuda. Shi ya sa Hukumar ta ba da shawarar a tayar da naƙuda a asibiti idan an tabbatar ciki ya kai mako 41. A Gombe ana yin haka a Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha. Shan jiƙe-jiƙen tayar da naƙuda, ko yin allurarta a gida, na iya fasa mahaifa. Raguwar motsi, zubar jini, fashewar faya ba naƙuda, da ciwon kai mai tsanani tare da dishi-dishin gani, duk ba a jiran ranar awo a kansu.